Awon hasken ultrabiyole a doron ƙasa: halin sama da kalmomin bayyana shi

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba wata matsala da ta haɗa masu awon yanayi da masu nazarin harshe. Ultrabiyole, ko UV a taƙaice, wani sashe ne na hasken rana da ido ba ya gani. An kasa shi uku bisa tsawon zangonsa. UV-C ba ya isowa ƙasa, iskar ozon ke tare shi. UV-A (nanometir 315 zuwa 400) yana isowa kusan dukansa. UV-B (280 zuwa 315) kaɗan ne ke tsallakowa, amma shi ya fi ƙona fata da lahanta ido.

Na'ura irin ta Brewer tana rarrabe hasken zango-zango. Ƙananan na'urori kuwa jimilla ɗaya suke bayarwa, wadda aka daidaita da yadda fatar mutum ke ƙonewa. Daga nan aka samo ma'aunin UV, wanda Kanada ta fara amfani da shi a 1992, ya zama na duniya a 1994. Maki ɗaya daidai yake da miliwat 25 a murabba'in metir, kuma daga 11 abin ya kai matsananci.

Sai dai lamba ita kaɗai ba ta isa ba, tilas mai awo ya rubuta halin da sama take ciki. Idan gari ya yi garau, tsayin rana ne ke hukunci: a Yamai tana ratsa tsakar ka sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Ko a lokacin, wajen rabin UV-B ba daga ƙwayar rana yake zuwa kai tsaye ba, warwatse yake cikin sararin sama, shi ya sa inuwar bishiya ba ta tare shi duka. Hadari mai kauri yana rage shi ƙwarai. Lumshi mai shara-shara kuwa ruɗi ne: jiki ya ji sanyi, UV na ratsowa. Har ma gajimare tsinka-tsinka, in bai rufe rana ba, yakan mayar da haske ƙasa, awo ya zarce na ranar da babu gajimare ko ɗaya.

Ƙa'idar duniya ta kasa sama takwas don ƙidayar gajimare. Amma da hunturu, in iska ta kwaso ƙurar Bodele daga Cadi, ana iya rubuta sifiri bisa takwas alhali rana ta dusashe. Ƙurar nan tana ɗauke da tsatsar ƙarfe, wadda ke shanye UV fiye da yadda take shanye jan haske. Domin bin sawun irin wannan ƙura ne aka kafa na'urar awo a Banizumbu, gabas da Yamai, tun 1995.

A nan ne harshe ya shigo. Faransanci ya bambanta *brume sèche* da *brouillard*. Hausa kuwa ta tara su duka cikin "hazo", ga shi tasirinsu kan UV ba ɗaya ba ne, tunda ɗigon ruwa warwatsa hasken yake yi, ƙura kuma ta warwatsa ta kuma shanye. A ganinmu babu bukatar aro: takardar awo ta Hausa ta rubuta "hazon ƙura" da "hazon ruwa", ta kuma ware "lumshi" daga "hadari" da layi nasa dabam.