Kalmar «brasserie» da matsalar fassararta zuwa Hausa

A nan za mu duba kalma ɗaya wadda take ba masu fassara wahala. Tushen «brasserie» shi ne aikatau «brasser», watau dama tsiron sha'ir cikin ruwan zafi don a yi giya. Ma'anarta ta farko ke nan: wurin dafa giya.

Ma'ana ta biyu ta yaɗu a birnin Paris cikin ƙarni na 19. Bofinger, mutumin Alzas, ya buɗe gidansa a 1864. Bayan Jamus ta karɓe Alzas a 1871, wasu suka biyo sahu, kamar Lipp a 1880. Suna sayar da giya tare da abinci, musamman ganyen shu mai tsami da naman alade. Sannu a hankali kalmar ta koma nufin gidan cin abinci.

A Amurka kuwa, a garin Yakima, aka buɗe «brewpub» a 1982. Irin wannan gida yana dafa giyarsa kaɗan-kaɗan, ana sha a wurin tare da abinci. Ma'anonin biyu sun haɗu wuri guda.

In muka ce «gidan giya», tunanin Bahaushe yana zuwa ga gidan burkutu, sai ma'aikacin da ya je cin abincin rana ya zama mashayi a idon mai karatu. Shawararmu ita ce a bi aikin wurin: (1) masana'antar giya, (2) gidan abinci, (3) gidan abinci mai dafa giyarsa.