Babba ma yana da rabo cikin wasa

In aka ce wasa, mutane da yawa sai su ce wannan ai na yara ne. Magidanci yana jin kunyar a gan shi yana kwaikwayon wani. To, mu tsaya mu duba.

A Damagaram akwai wasan kara. Bayan an cire amfanin gona, mutane suna ɗaukar karan hatsi su ƙera bindigogi, da tabarau, da akwatin ɗaukar hoto. Wani ya zama shugaban ƙasa, wani minista, wani jandarma. Suna tafiya irin ta manya, suna magana irin tasu. Jama'a na dariya. Amma cikin dariyar nan talaka yana nuna wa mai mulki yadda ake ganin shi, ba tare da faɗa ba. Abin da baki ke tsoron faɗi, wasa na faɗin shi.

Haka ma wasan taubasai, da barkwancin da ke tsakanin Fulani da Barebari. Kowa na cewa shi ne ubangidan wani, kuma kowa ya san ba gaskiya ba ne. Da wannan ƙaryar ta wasa ake kashe rigima tun ba ta yi girma ba. A shekara ta 2014 hukumar UNESCO ta sa barkwancin Nijar cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. A shekarun 1970 da 1980 kuma, ƙungiyoyin samariya sun yi ta wasannin kwaikwayo, ƙungiyar Yazi Dogo ta shiga gidaje ta rediyo da talabijin. Manya ne ke yi, manya ne ke saurare.

Mene ne amfanin shi gare mu, a cibiyar yaƙi da jahilci?

Wasa wuri ne na gwaji. In ka yi kuskure cikin shi, ba ka yi asarar ko dala ɗaya ba. Ga misali. Ɗaya ya zama ɗan kasuwa, ɗaya manomi mai sayar da wake. Tsakuwa ce kuɗi. Manomi ya kawo tiya 12, kowace tiya dala 80. Ɗan kasuwa ya yi wayo, ya ce kuɗin dala 860 ne. Sai manomi ya ɗauki allo ya buga lissafi: dala 960 ne. In an miƙo mishi jika 5, canjin da zai mayar dala 40 ne. Wanda ya yi wannan sau biyar gaban abokan karatu, ranar kasuwa hannunshi ba zai yi rawa ba. In kuwa an cuce shi cikin wasa, dariya kawai za a yi, a sake.

Mata ma haka. Wata takan kai ɗanta gidan likita, kunya ta hana ta faɗin yaushe zawo ya fara, ko sau nawa za a ba da magani. Ta koma gida da ƙwaya ba ta san yadda ake sha ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, rai ne. In wata ta zama likita, wata uwar yaro, zane a naɗe ya zama jariri, bakin uwa zai saba da tambaya.

Wani lokaci a yi musanya. Miji ya ɗauki matsayin mata na ɗan lokaci: ɗibar ruwa, daka, itace, goyo. Dariyar za ta yi yawa, amma wasu mazan za su koma gida shiru.

Akwai kuma hutun zuciya. Wanda ya wuni da tunanin bashi da rashin ruwan sama, in ya yi dariya da dare, nauyin ƙirjinshi na raguwa.

Sai dai a kula. Kada a kama sunan wani na gari, kada a kwaikwayi nakasar mutum. Wanda bai so shiga ba, a bar shi ya yi kallo. In an gama karatu, minti 15 sun isa. Malami ya tambaya: gobe wa zai zama ɗan kasuwa?