Gada ta uku a Yamai da hanyar Baleyara

Cikin watan Fabrairu na shekarar 2021 aka buɗe gada ta uku a kan kogin Isa, a birnin Yamai. Shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, shi ne ya buɗe ta. An sa mata sunan Janar Seyni Kunce, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987. Kuɗin aikin ya kai wajen miliyar 50 na sefa. Mai noma da mai kiwo na Baleyara da Filinge da sauran ƙasar Kurfai ya kamata su san yadda aka yi wannan aiki, da abin da ya ci, da kuma abin da ya ƙara musu.

KAFIN A YI GADA

Kogin Isa ya raba Yamai biyu. Babban gari yana gefe guda. Ƙetaren kogi kuma ana kiransa Harobanda. Can ne jami'a take, can ne asibitin Lamorde yake. Daga can hanya ke tafiya Sayi da Torodi, har ƙasar Burkina Faso.

A da babu gada ko ɗaya a Yamai. Mutum da kayansa da dabbarsa sai su jira kwale-kwale ko jirgin fito. A shekarar 1970, zamanin Jori Hamani, aka gama gada ta fari da taimakon ƙasar Amurka. Ita ce gadar Kenedi. Tsawonta metir 710 ne, amma ba ta da faɗi: mota ɗaya tana zuwa, ɗaya tana dawowa.

Shekara 40 wannan gada ita kaɗai ta ɗauki nauyin gari. Motocin itace, raƙuma masu ɗauke da haki, amalanken jaki, ɗalibai, marasa lafiya, duk ta nan suke bi. Mota ɗaya in ta mutu a tsakiya, sai gari ya tsaya. A shekarar 2011 aka buɗe gada ta biyu a ƙasan ta Kenedi. Ƙasar Sin, wato Shinuwa, ita ta gina ta. Tsawonta metir 600 ne. Yamai kuwa ba ta daina girma ba, don haka aka nemi ta uku.

YADDA AIKIN YA GUDANA

An soma aikin gada ta uku a shekarar 2017, a saman gadar Kenedi, wajen unguwar Gudel. Wani kamfani na ƙasar Sin ya yi aikin. Ya ɗauki fiye da shekara 3. Tsawon gadar kanta metir 1.054 ne, wato ta ɗara kilometir guda kaɗan. In an haɗa da hanyoyin kwalta da aka yi mata a bakin kogi, aikin ya fi kilometir 3. Mota biyu suna zuwa, biyu suna dawowa, ga kuma wurin masu tafiya ƙasa.

Aikin gada ba ya sauri, don mafi yawan wahalarsa tana ƙarƙashin ruwa, inda ido ba ya gani. Da fari ana haƙa ramu masu zurfi a gindin kogi, har a kai ga ƙasa mai ƙarfi. Ana sa ƙarafa ciki, a zuba siminti. A bisa wannan ake tsai da ginshiƙai. Bayan sun bushe sun yi ƙarfi, sai a ɗora manyan gungumen siminti daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, kamar yadda ake jera azara a kan bangon ɗaki. Daga ƙarshe a shimfiɗa kwalta.

Ruwa kuma yana da lokacinsa. A Yamai kogi yana cika sau biyu. Cikar fari tana zuwa da damina, ruwan ja ne, na ƙoramun kusa. Ta biyu tana zuwa da ɗari, ruwan da ya taso tun daga ƙasar Gine ne, ya biyo ta Mali. Da bazara kogi yakan janye ƙwarai. Mai aikin gada dole ya bi wannan lissafi, kamar yadda manomi ke bin lissafin shuka.

MILIYAR 50, NAWA KE NAN?

Miliyar 50 lamba ce mai wuyar riƙewa a ka. Ga hanyar gane ta. Jika guda tamma 1.000 ce. Jika 1.000 shi ne miliyan guda. Miliyan 1.000 shi ne miliyar guda. A misali, a ce sa mai kyau ya yi jika 250 a kasuwa. Sai an sayar da shanu irinsa 200.000 kafin a tara miliyar 50.

Mutane da yawa sun tambaya: bashi ne ko kyauta? Abin da hukuma ta bayyana shi ne, ƙasar Sin ta ba da kuɗin aikin kyauta. Amma wanda aka ba doki, shi ke nema masa ciyawa. Gyaran gada, da fitilunta, da kwaltar hanyoyinta, duk a kan Nijar suke, wato a kan haraji da kuɗin hanya da jama'a ke biya.

A farkon shekarar 2021 an buɗe wata gada cikin jahar Tilaberi, a garin Fariye, wajen kilometir 60 a saman Yamai. An sa mata sunan Jibo Bakari. Tsawonta metir 640 ne. Ta ci wajen miliyar 13, da taimakon Bankin Raya Afirka. Kafin ta, mai zuwa Gotey ko Tera sai ya jira jirgin fito. In jirgi ya lalace ko dare ya yi, sai ya kwana a bakin ruwa.

GADA MAI ƊAGAWA

A wasu ƙasashe akwai gada wadda tsakiyarta ke tashi sama. In babban jirgin ruwa ya zo, sai a tsai da motoci, injin ya ɗaga tsakiyar gada, jirgi ya wuce, a sake sauke ta. A birnin Bordo na ƙasar Faransa an buɗe irinta a shekarar 2013. A birnin Sanluwi na ƙasar Senegal kuma akwai wata tsohuwa, tun 1897, wadda aka yi wa sashe guda mai juyawa gefe don jirgi ya samu hanya.

Gadojin Yamai uku babu mai ɗagawa cikinsu. Dalili a fili yake. Manyan jiragen teku ba sa zuwa Yamai. Kwale-kwale kuwa yana wucewa ta ƙarƙashi ba tare da wahala ba. Ruwan ma ba ya tsayawa da yawa duk shekara: a 1985, bayan babban fari, kogin ya daina gudu a Yamai, har mutane suka ƙetare da ƙafa. Gada mai injin tana son wuta kullum, da ma'aikata, da kayan gyara daga waje. Rashin injin ya rage wa ƙasa wani nauyi.

ABIN DA YA DAMI JAMA'A

Abu na fari shi ne fili. Bakin kogi wurin garake ne da gonakin shinkafa. Duk inda babbar hanya ta bi, sai ta ci gonar wani ko gidan wani. Dokar Nijar ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce hukuma tana iya karɓar fili don amfanin kowa, amma sai ta biya diyya ta gaskiya, kuma kafin a soma aiki. Wanda yake da takardar filinsa ya fi samun sauƙi a wannan rana.

Abu na biyu shi ne lodi. Babbar mota in ta ɗauki kaya fiye da ƙima, ita ke kashe hanya da gada. Ƙasashen da ke amfani da sefa a Afirka ta Yamma sun yi doka a 2005 a kan nauyin da mota za ta ɗauka. Abin da aka gina don shekara 50, lodin banza yana iya lalata shi tun bai kai rabi ba.

Abu na uku shi ne ambaliya. A damina ta 2020 kogi ya yi cikar da ba a taɓa aunawa ba a Yamai. Madatsar Lamorde ta ɓalle, ruwa ya shiga unguwannin Harobanda, dubban mutane suka bar gidajensu. Gada tana kai mutum ƙetare, amma ba ta hana ruwa shiga ɗakinsa.

TO, MUTUMIN BALEYARA FA?

Baleyara tana wajen kilometir 100 daga Yamai, cikin Dallol Boso, a kan hanyar Filinge. Kasuwarta ta ran Lahadi tana cikin manyan kasuwannin bisashe na yammacin Nijar. Hausawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani duk suna haɗuwa a nan. Daga nan motoci ke ɗaukar shanu da tumaki da awaki zuwa Yamai da gaba.

Baleyara da babban garin Yamai suna gefe guda na kogi. Mai kai rago kasuwar Turaku ba ya taka gada ko ɗaya cikin ukun nan. Sabuwar gada tana amfanarsa ne in zai kai mara lafiya Lamorde, ko ɗansa yana karatu a jami'a, ko kayansa za su wuce Sayi da Torodi. Wannan amfani ne na gaske. Amma abin da ke tsakaninsa da Yamai ba kogin Isa ba ne. Ƙoramu ne.

An ga haka a watan Agusta na 2024. Ruwan sama ya yi yawa, ƙoramu suka cika. Ruwa ya yanke hanyar Filinge kusa da Yamai. Ya yanke hanyar Doso a Sorey. Motocin kaya da na fasinja suka yi layi. Mutane suka koma ƙetarewa da kwale-kwale, kamar kafin 1970. Gadoji uku suna nan tsaye a kan kogi, amma babban birni ya kusa rabuwa da sauran ƙasa. Sai da aka yi kwanaki ana aiki kafin motoci su sake wucewa.

Asarar irin wannan rana a kan talaka take. Dabbar da ta kwana a mota ba ci ba sha tana ramewa, kuɗinta ya faɗi. Kabewa da tumatir da ganye suna ruɓewa. Mace mai naƙuda ba ta jiran ruwa ya janye. Kadarko ƙarami a kan ƙorama ba ya cin miliyar 50, ba a kuma yi masa babban biki. Amma in ya karye, babbar gada ba ta da amfani ga mutumin Kurfai.

ABIN DA KE HANNUN JAMA'A

Gina gada aikin hukuma ne. Duk da haka akwai abin da ƙauye ke iyawa.

Ƙorama tana ƙara ƙarfi ne in tudu ya zama fili. Inda aka sare itace, ruwa ba ya shiga ƙasa, sai ya gangaro da yashi ya toshe bakin kadarko. Manomin da ya bar tsiron gawo da sabara cikin gonarsa, ya jera duwatsu, ya haƙa ramun rabin wata a kan fako, ya taimaki gonarsa, ya taimaki hanya.

Kada a zuba shara a bakin kadarko. Kada a ɗebi yashi ko dutse a gindinsa. Kada a cire ƙarfen gefe a kai wa maƙeri. Wanda ya ga tsaga a jikin siminti, ko ya ga ruwa yana cin gindin hanya, ya faɗa wa mai gari, mai gari ya kai magana wurin hukuma tun rani. A yi gyara tun ramin yana ƙarami.

Mai gona a bakin hanya ya nemi takardar filinsa. Tun dokar karkara ta 1993 aka soma kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake kira kofo. Su ke ba da shaidar gado ko saye ko aro. Makiyaya su ma su tsaya a rubuta burtali da mashaya, don kada sabon aiki ya rufe su. Wanda ya koyi karatu ya karanta takarda kafin ya sa hannu, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa.

Ran da manya suka zo rangadi, ko aka yi taron kasafin kuɗin karamar hukuma, jama'a suna da ikon tambaya: kadarko nawa ne a hanyar Yamai zuwa Filinge? Wanne ne ya tsufa? Yaushe za a gyara shi, kuma da nawa? Tambaya cikin ladabi ba laifi ba ce. Lokacin yin ta shi ne rani, tun hadari bai taso ba.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye matafiya.