KA SA WA HOTONKA SHAIDA KAMAR YADDA KAKE SA WA DABBARKA

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san amfanin shaida. Makiyayi yana tsaga kunnen akuyarsa ko ya yi wa raƙuminsa lalas a cinya. Idan dabba ta ɓata, shaidar nan ita ke maido ta gida. To, yau akwai wata dukiya da muke saki ba shaida, ita ce hoton da muke ɗauka da salula.

ABIN DA YA SAMI WANI ƊALIBINMU

Bara, kafin sallar layya, wani ɗalibin ajinmu na yaƙi da jahilci ya yi kiwon rago balami wata 6. Ya ɗauki hotonsa ya tura ta WhatsApp don neman mai saye. Hoto ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ya faɗa wurin wani macuci. Macucin ya nuna wa wani ma'aikaci na birni, ya ce ragonsa ne. Ma'aikacin ya aika masa da jika 50 kafin alƙalami. Daga ranar lambar macuci ba ta ƙara shiga ba.

Mai kuɗi ya bi sawun hoton har garinmu. Ga rago a turke, ga hoto a hannu. Ya ce ɗalibin nan da macucin bakinsu ɗaya. Sai da aka yi kwana 2 ana zama a ƙofar maigari kafin gaskiya ta fito. Mutumin bai ci dala ta kowa ba, amma an kira shi ɓarawo a gaban ƴaƴansa. Da sunansa da lambarsa suna jikin hoton, da mai saye shi zai kira tun farko.

SHAIDA MAI SHARA-SHARA BA SABON ABU BA CE

Ku ɗauki takardar jika guda ku ɗaga ta wajen rana. A gefen da ba zane za ku ga wata alama ta fito cikin jikin takardar. Wannan ita ce shaidar bankin BCEAO, mai buga kuɗin sefa. Ba da tawada aka yi ta ba. Wurin yin takardar ne aka rage kaurinta a nan, shi ya sa haske ke ratsawa.

Masu yin takarda na garin Fabriyano, a ƙasar Italiya, su suka fara wannan dabara wajen shekarar 1282. Ta iso ƙasarmu tun zamanin fatake. Da yawa cikin tsofaffin littattafan malamanmu an rubuta su a kan takardar Italiya da ayari ke kawowa daga Tarabulus ta hamada. Idan aka ɗaga ta a rana ana ganin jinjirin wata 3 a jere. Alamar tana nan, amma ba ta hana karatu. Irinta muke so mu sa a kan hoto: a ga sunan mai shi, a kuma ga dabbar sarai.

KAYAN AIKI

Masu ɗaukar hoto na birni suna aiki a kwamfuta da Photoshop, wanda ya fito a 1990, ko da GIMP, wanda shi kyauta ne. Mu na karkara salula ta ishe mu. Akwai manhajoji kamar Snapseed da Canva. Sunayensu dabam, amma hanyar aikin kusan ɗaya ce.

Abu 2 za ku riƙe. Na farko, rubutun ba ya shiga jikin hoton nan take. Kamar farar leda ce aka shimfiɗa bisa hoton, aka yi rubutu a kanta. Kana iya jan ta sama ko ƙasa, hoton bai taɓu ba. Na biyu shi ne ƙarfin rubutun, abin da salula mai Faransanci ke kira opasite. Ku tuna da tawadar allo. Idan ba a surka ta ba, baƙa ce ƙirin. Idan aka ƙara mata ruwa, sai ta yi tsarara har a ga itacen allon. Ana auna ƙarfin daga 0 zuwa 100. A kan 100 rubutu ya rufe abin da ke bayansa. A kan 0 ya ɓace sam.

YADDA AKE YI

1. Ka buɗe hoton cikin manhajar, ka taɓa wurin rubutu. Sau da yawa harafin T ne alamarsa.

2. Ka rubuta sunanka, da garinku, da lambar salularka mai lissafi 8. Kada ka ƙara kome. Doguwar magana tana cika hoto.

3. Ka zaɓi haruffa masu kauri, marasa ado, irin na littafin karatunmu na farko. WhatsApp yana rage nauyin hoto idan an tura shi, siraran haruffa sai su dushe. Ka duba kuma ko ƙ, ɗ, ɓ da ƴ sun fito daidai, don wasu haruffan ba su san su ba, sai su sa ɗan akwati a gurbinsu.

4. Ka zaɓi launi. Farin rubutu ya fi dacewa da yawancin hotuna, amma a jikin balami fari fat ba zai fito ba, sai baƙi. Ragon uda kuwa gabansa duhu ne, bayansa fari. Shi sai farin rubutu mai ɗan baƙin gefe ko inuwa, don ya karantu ko'ina.

5. Ka rage ƙarfin rubutun. Ka fara daga 30 ko 40. Ka miƙa hannu da salular ka duba. Idan ba ka iya karanta lambar, ka ƙara. Idan rubutun ya hana ganin gashin dabba, ka rage.

6. Ka aza rubutun a tsakiyar jikin dabba, daga kafaɗa zuwa cinya, ka ɗan karkata shi. Kada ka sa shi a kusurwa, don yaro ma yana iya yanke gefen hoto. Kada kuma ka rufe kai, da ƙaho, da ƙafafu, su ne mai saye ke dubawa.

7. Ka ajiye shi da sabon suna, ka bar hoton asali ba rubutu. Ranar gardama, mai riƙe da hoto na asali shi ke da babbar hujja.

Mai hotuna da yawa, kamar magatakardan ƙungiyar manoma ko mata masu sayar da ƙuli-ƙuli da tabarmi, ba sai ya sake rubutu kullum ba. Ya yi shaidar sau ɗaya ba kome a bayanta, ya ajiye ta a matsayin PNG. Irin wannan ajiya ita ke barin baya a buɗe. Idan ya ajiye ta JPEG, sai fari ko baƙi ya cika bayan, ya rufe hoton.

SHAIDA BA ƘOFA MAI KWAƊO BA CE

Kada mu ruɗi kanmu. Ɓarawon shanu yakan ƙone tsohuwar shaida ya aza tasa. Haka nan yau akwai manhajojin da ke goge rubutu daga hoto. Sai dai macuci mai gaggawa ne. Idan ya ga hoto mai shaida a tsakiya, yakan bar shi ya nemi wanda ba ta. Kuma kada kowa ya sa sunansa a kan hoton da ba nasa ba, wannan ma sata ce.

Ku masu saye, ba a cinikin biri a sama. Ku kira lambar da ke jikin hoton. Ku ce a nuna muku dabbar ta bidiyo tana tafiya, ko ku aiki wanda kuka yarda da shi ya gani da idonsa kafin ku saki kuɗi.

A ajinmu mun gwada aikin nan da dare ɗaya. Dattijon da bara bai iya riƙe alli ba, shi ya fara rubuta sunansa a jikin jar akuyarsa, ya yi ta nuna wa mutane. Wanda bai iya rubuta sunansa ba, sai ya ba wani salularsa, ya amince da abin da aka rubuta masa. Don haka, ƴan uwa, ku zo aji tun damina ba ta kama ba. Ku zo da alli, ku zo da salula.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, amin.