Abin da ya kamata ku sani kafin a kwaikwayi ƙirƙirarku

A ce wani mai walda a Garu ya haɗa injin fasa ƙwallon kaɗanya da ya fi na kasuwa sauri da ƙarancin shan mai. Kafin damina ta zagayo, an ga irinsa a Bawku, wani kuma ya tsallaka da shi Togo. Wa zai kai ƙara, kuma da wace hujja? In ba shi da takardar mallakar ƙirƙira, wato fatent, sai dai haƙuri.

A Ghana, dokar shekarar 2003 mai lamba 657 ce ke kula da wannan, an kuma yi mata gyara a 2016. Ana shigar da buƙata a ofishin Babban Magatakarda da ke Accra. Sharuɗɗan uku ne: abin ya zama sabo fil, babu irinsa a ko'ina a duniya, ya ƙunshi dabarar da ba kowane gwanin sana'ar ne zai hango ta ba, ya kuma yiwu a ƙera shi a yi aiki da shi. In an amince, shekara 20 daga ranar shigar da takarda babu mai ƙera shi ko sayar da shi sai da izininka, muddin kana biyan kuɗin shekara-shekara.

Ga maƙeranmu, a ganina wata ƙaramar takarda ce ta fi dacewa. Dokar ta tanadi wata shaida ta ƙananan ƙirƙire-ƙirƙire mai shekara 7, ba a sabunta ta, amma ba a neman waccan dabara mai zurfi. Gyaran garma, ko sabon rumbun da ke rage ruɓewar doya a Salaga da Yendi, nan ne suka fi samun shiga. Zanen batakari kuwa da sunan kaya, dokokinsu daban ne.

Inda aka fi yin asara shi ne baki. Wanda ya riga shigar da takarda shi ke da haƙƙi, ko da kai ka fara ƙerawa. Ka ɗauki bidiyon cikin injin ka saka a TikTok, ko ka baje shi ranar kasuwa, sirri ya fita. Dokar Ghana tana ɗaga ƙafa na wata 12, amma ba kowace ƙasa ce ke yin haka ba. Ka riƙe littafi, ka zana kowane ƙarfe da awonsa, ka sa kwanan wata.

Sai maganar iyaka, wadda mutanen Garu da Bawku ba za su raina ba. Takardar Ghana a Ghana kaɗai take aiki. Ghana tana cikin ƙungiyar rajistar ƙirƙira ta ARIPO mai hedikwata a Harare, alhali Togo da Burkina Faso da Nijar suna cikin OAPI ta Yawunde, inda rajista ɗaya ta isa ƙasashe 17. Najeriya ba ta cikin ko ɗaya. Bayan shigarwa a gida, kana da wata 12 ka nema a waje ba tare da ka rasa ranarka ta farko ba.

Taimako yana kusa: cibiyoyin GRATIS a Tamale da Bolgatanga don gwaji da ƙira, jami'o'in fasaha na garuruwan biyu, da ofisoshin Ghana Enterprises Agency na gundumomi. Rubuta bayanin ƙirƙirar kuwa aikin lauyan da ya san harkar ne, domin abin da ba ka faɗa a takarda ba, kotu ba za ta kare maka shi ba. Kafin ka kashe ko sisi, ka sa ɗalibi ya duba maka rumbun PATENTSCOPE a intanet, kyauta ne, ka tabbatar ba a riga ka ba.