Gawa a sashen Turanci: abin da labaran kisa ke tonawa game da mulki a jami'a

A shekarar 1964 wata malamar adabi a Jami'ar Columbia da ke Amurka, Carolyn Heilbrun, ta fitar da littafinta na farko na binciken kisan kai da sunan aro, Amanda Cross. Tsoro ne ya sa ta ɓoye sunanta. Ba a riga an tabbatar mata da kujerarta ba, kuma ta san manyan farfesoshin da makomarta ke hannunsu za su iya ɗaukar irin wannan rubutu a matsayin zubar da girma.

Wannan tsoron shi ne ginshiƙin labaran kisa da ake ginawa a kan jami'a. A Amurka, ƙaramin malami kan shafe kimanin shekara 6 yana gwaji, sannan manyansa su zauna a asirce su yanke masa hukunci. Wanda ya tsallake ya sami kujerar dindindin, korarsa sai da babban dalili. Wanda ya faɗi kuwa yawanci shekara ɗaya ake ƙara masa, ya tattara nasa ya nasa. Kujeru kaɗan, masu nema da yawa, kowa ya san sirrin kowa: marubuci ba ya buƙatar neman dalilin kisa a wajen harabar.

A littafinta na 1981, Death in a Tenured Position, Heilbrun ta kai labarin Jami'ar Harvard. Wani attajiri ya ba da kuɗin kafa kujerar farfesa a sashen Turanci, bisa sharaɗin mace za a bai wa. Aka naɗa Janet Mandelbaum. Mazan sashen suka juya mata baya, ita kuma ta ƙi kusantar mata masu fafutuka, domin tana ganin cancanta kaɗai ta isa ta kare ta. Daga bisani aka tsinci gawarta a banɗakin maza. Binciken Kate Fansler, tauraruwar littattafan, ya gano cewa babu wanda ya ɗura mata guba. Ita ta sha da hannunta, bayan wariya da wulaƙanci sun kai ta bango. Babu wanda kotu za ta kama, amma kowa a sashen na da hannu.

A Ingila ma haka zancen yake. Littafin Colin Dexter na 1996, Death Is Now My Neighbour, ya ɗora kisa a kan takarar malamai biyu masu neman shugabancin wata kwaleji a Oxford, inda tonon silili da barazana suka zama makamin yaƙin neman zaɓe.

Heilbrun ta sami kujerar dindindin a sashen Turanci na Columbia. Duk da haka, a 1992 ta ajiye aiki, tana zargin sashen da danne mata. Tambayar da littattafanta suka bar wa mai karatu ta wuce ta wa ya yi kisa. Su wa ke zama a ɗakin da ake yanke hukunci, kuma wa ke da ikon tuhumarsu idan sun yi son kai?