Ikko, Inda Audugar Funtuwa Ta Ga Teku

Duk wanda ya tashi a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi ya ji dattawa suna zancen zamanin da auduga ke da daraja, lokacin da ake layi da jakuna a bakin sikeli, a kai ta gidan gurza na kamfanin BCGA, a ɗaure ta dila-dila, sa'an nan a loda wa jirgin ƙasa. Amma kaɗan ne daga cikin waɗanda suka sha ranar nomanta Allah ya nufa suka ga inda take ƙarewa. To, Ikko take zuwa. Tun da aka shimfiɗa reluwe daga Zariya, ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, amfanin gonakinmu ya riƙa gangarawa kudu, ya ƙetare Kwara ta gadar Jebba, har ya tsaya a Apapa, inda jiragen ruwa ke jiransa domin masaƙun Manchesta ta Ingila.

Ikko fa ba a haife ta da wannan tasha ba. A da, yashin da ya tare bakin mashigin ruwan yakan hana manyan jirage shigowa, sai su tsaya can cikin teku, ana jidar kaya da ƙananan jirage bisa hatsari mai yawa, har sai da Turawa suka yi ta ɗauko duwatsu daga Abekuta suna jibgewa, suka yi katangu cikin ruwa, suka yashe hanya, kana jirgin wasiƙu na farko ya iya shigowa a 1914. Matsayar jirage ta Apapa an gama ta a 1926, ta Tin Can a 1977, ta Lekki kuwa, mai zurfin da ya fi nasu duka, sai a 2023 aka buɗe ta. Baƙo ba ya samun shiga tashar haka kawai, sai dai in ya hau kwalekwalen haya daga Marina, ya hangi kwantenoni an jera su hawa-hawa kamar dalar gyada ta Kano a zamaninta.

Kafin wannan duka, gari ne na sarakunan Yarbawa da ya yi arziki da cinikin bayi. Ingilishi suka yi masa ruwan igwa a 1851, suka kori Sarki Kosoko, bayan shekara goma kuma Sarki Dosunmu ya sa hannu a takardar da ta miƙa musu ƙasar. A nan ne sunan Bahaushe ya shiga littafin Ikko, domin a 1863 wani hafsa, Glover, ya tara Hausawa, akasarinsu waɗanda suka kuɓuta daga bauta, ya yi runduna da su, kuma daga wannan 'yar runduna sojan Nijeriya ya samo asali. Unguwar Obalende tana daga wuraren da aka zaunar da su. Daga baya fataken goro suka kafa zango a Agege, inda har yau akwai Sarkin Hausawa, kuma a nan Markaz take, makarantar Larabci ta Shehu Adamu Abdullahi na Ilori, wadda ta yaye malamai masu yawa.

Abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa, a ganina, shi ne masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins a tsibirin Ikko, wanda wani attajiri, Muhammadu Shitta, ya gina da dukiyarsa fi sabilillahi, bisa fasalin maginan da suka komo daga Barazil. Ran da aka buɗe shi a 1894, Sarkin Musulmin Istanbul, Abdulhamidu na biyu, ya wakilta Abdullahi Quilliam, wani Bature musulmi na Libaful, ya kawo wa mai ginin sarautar Bey. Watau tun Turawa ba su ci Sakkwato ba, labarin musulmin Ikko ya riga ya isa fadar Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Ƙarami ne in an gwada shi da Babban Masallacin Juma'a da ke kusa, amma ya fi shi tarihi nesa ba kusa ba.

A Onikan akwai gidan ajiye kayan tarihi da aka buɗe a 1957, inda motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ran 13 ga Fabrairu, 1976 take ajiye, da hujojin harsashi a jikinta. Daura da shi ga dandalin Tafawa Balewa, inda aka sauke tutar Ingila a 1960. Gada ta uku da ta haɗa tsibirin da sauran garin, mai tsawon kusan kilomita 12, a bi ta da sassafe, in ba haka ba cunkoson motoci ya cinye wa mutum yini.

Yanzu auduga ta ja baya, jirgin ma ya daina ɗaukarta, amma manyan motoci ba su fasa sauke tumatirin Danja da masarar Dandume a kasuwannin Ikko ba. Saboda haka, ɗan'uwa mai rakiyar kaya, in ka sayar a kasuwar Mile 12 ka karɓi kuɗinka, kada ka yi gaggawar neman motar komowa. Ƙara kwana guda, ka nemi wani ɗan gida a Agege ya kai ka tsibirin, ka sallaci azahar a Shitta-Bey.